Kada ki biya jimilla sai an warware miki ita layi-layi

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce an kwantar da shi a asibitin kuɗi, ranar sallama aka miƙo muku 'yar takarda mai jimilla kawai, kuɗin ya kusa ninka abin da kuka zata, kina tambaya ko ya dace ki nemi bayani ko zai zama rashin godiya tunda ya samu sauƙi. Ki nema, babu rashin godiya a ciki. Na yi jinyar surukata, na yi ta maigidana, kuma abin da na lura shi ne kunya ce ke cinye mana kuɗi a asibiti. Matar da za ta tsaya ta ƙirga canjinta a gaban mai tumatir, ita ce za a miƙa wa takardar dubban ɗaruruwa ta biya bakinta alaikum.

Ki je ofishin akawu da kanki, cikin mutunci, ki ce a rubuto miki komai dalla-dalla: kuɗin gado, ganin likita, kowane magani da adadinsa, gwaje-gwaje, hoto, kayan aiki irin su safar hannu da sirinji. Wannan haƙƙinki ne. A takardar haƙƙin majinyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018, an ambaci haƙƙin a bayyana wa mara lafiya kuɗin da ake cajinsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Abu na farko da za ki duba shi ne kafin alƙalamin da kuka ajiye ranar kwanciya. An cire shi daga jimillar? Wanda ya karɓa da dare ba lallai ne shi ke lissafi ranar sallama ba, idan kuma an biya wani da taransifa wani da kuɗi hannu, ɗaya yakan ɓace a tsakani. Ki tattaro rasit da saƙonnin banki gaba ɗaya.

Inda aka fi samun kuskure kuwa wajen magani ne, kuma nan nake so ki zauna sosai. Likita yakan rubuta allura ta kwana biyar, a kwana na biyu ya zagayo ya ga ba ta karɓi mara lafiya ba ya canza, amma a kwamfuta ta farkon tana nan cur. Haka ledar ƙarin ruwa: a rubuta shida, a ɗaura huɗu. A cikin foldar Baba akwai takardar da nas-nas ke sa hannu duk lokacin da suka ba da magani, da awa da kwanan wata. Ita ce shaidar abin da ya shiga jikinsa. Ki roƙi a ɗora ta gefen lissafin a gabanki. Sannan ga wanda aka ce babu a famasinsu, ku je waje ku sayo. A jinyar maigidana, allurar da ƙaninsa ya sayo a kemis da tsakar dare sai ga ta a lissafin asibitin. Na zaro rasit ɗin a duƙunƙune daga cikin jakata, akawun ya kira nas ɗin ɗakin ta tabbatar, ya sa jan biro ya soke layin, ya ba mu haƙuri. Ban ga alamar cuta a fuskarsa ba, gajiya da yawan aiki na gani. Shi ya sa nake cewa kada ki shiga da faɗa, wanda aka kira ɓarawo ba zai buɗe miki folda da daɗin rai ba.

Kuɗin gado ki ƙirga da yatsa, ki tambayi ƙa'idarsu: dare suke ƙirgawa ko rana? Idan an mayar da shi babban ɗaki daga aminiti, wato ɗakin musamman mai tsada, farashin ya sauka daga wannan ranar? Gwajin da aka caje ku kuma, kowanne ki ce a nuna miki sakamakonsa. Babu sakamako, to a cire.

Maganar jini tana rikita mutane. Ko ɗan'uwa ne ya bayar, dole ku biya kuɗin leda, da gwajin cututtuka irin su HIV da ciwon hanta, da gwajin dacewarsa da na mara lafiya. Wannan halas ne, kada ki ja da shi. Abin dubawa shi ne leda nawa aka ƙara masa a zahiri, nawa aka rubuta.

Ba ki faɗa mana ko Baba yana cikin inshorar lafiya ba. Idan yana cikin tsarin ma'aikata na hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta gaji NHIS a 2022, kashi 10 cikin ɗari na kuɗin maganin da ke cikin tsarin kawai ake biya. Sau da yawa a gigice ake kai mara lafiya, ba wanda ya tuna da katin, sai a buɗe masa folda kamar kowa. Ki kira HMO ɗinsa, wato kamfanin da ke kula da inshorarsa, tun kafin ki biya, don karɓo kuɗin da ya riga ya shiga asusun asibiti aiki ne mai cin rai.

Idan akawu ya ƙi sauraronki, ki nemi shugaban asibitin. Idan nan ma ba a dace ba, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC tana karɓar irin wannan ƙorafi, a asibitocin gwamnatin tarayya kuma akwai teburin SERVICOM na karɓar koken jama'a. Ki biya abin da ba ki da ja a kansa, ki karɓi rasit, sauran a rubuta cewa ana dubawa.

Ga duk wanda ke jinya yanzu, ku ajiye ƙaramin littafi a gefen gado, mai kwana da mai yini kowa ya riƙa rubuta abin da aka ba mara lafiya da abin da aka biya. Ke kuma 'yar'uwa, idan sun ba ki takardar, ki rufe sunan Baba da lambar katinsa ki turo mini, mu bi ta tare. Allah ya ƙara masa sauƙi.