Kujerar baya ko bel: me ke kare fasinja a jirgin sama?

Tambaya: Mahaifiyata za ta tafi Umara, kuma ba ta taɓa hawa jirgi ba. An ce mana waɗanda ke zaune a baya ne ke tsira idan aka yi haɗari, wani kuma ya ce mata kada ta matse bel, wai idan wuta ta tashi shi zai riƙe ta. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Malama, Allah ya kai Hajiya lafiya, ya dawo mana da ita lafiya. Zancen kujera gajere ne. A haɗarin jirgin Japan Airlines na 1985, inda mutum 520 suka rasu, mutum huɗun da suka tsira duk a baya suke. Amma a Mosko a 2019 wutar jirgin Aeroflot daga baya ta ci, kuma a can ne mafi yawan mutum 41 da suka mutu suke zaune. Yadda jirgi ya bugu shi ke raba gardama, kuma ba a sanin wannan a wurin yankan tikiti. Duk inda ta zauna, ta ƙirga layukan kujerun da ke tsakaninta da ƙofa mafi kusa, domin hayaƙi yakan rufe ido.

Maganar bel ce ke ɓata mini rai, don kullum da ita nake fama a wurin aiki. Wanda ya ba Hajiya wannan shawara ya cuce ta. Bel ɗin jirgi da ɗaga ƙarfe ɗaya yake buɗewa, kuma mutumin da ya bugu da kai ya suma ba ya iya guje wa wuta ko da ƙofa na gabansa. A 2013 jirgin Asiana ya bugi katangar bakin teku yana sauka a San Francisco, da mutum 307 a ciki, uku suka rasu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa biyu daga cikinsu ba su ɗaura bel ba, jirgin ya wurgo su waje, kuma da sun ɗaura da mai yiwuwa sun rayu. A watan Mayun 2024 gargadar iska kawai, ba faɗuwa ba, ta ɗaga fasinjojin jirgin Singapore Airlines ta haɗa kawunansu da rufi, mutane da dama suka ji munanan raunuka.

Wasu su ce mini in ajali ya zo bel ba ya hanawa. Haka ne, amma karyewar wuya da sakaci ya jawo fa? An umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Sai ka ga dattijo ya saƙala bel sako-sako a kan babbar riga, ko taya na taɓa ƙasa ya kwance ya miƙe neman jaka, alhali jirgin na gudu a kan titi.

Ki gaya wa Hajiya ta ɗaura shi ƙasa a kan ƙugu, ba a kan ciki ba, ta matse shi, ta bar shi a ɗaure muddin tana zaune, ko da fitilar alamar ɗaura bel ta mutu. Kafin a tashi ta buɗe ta rufe sau biyu, domin a ruɗe mutane kan nemi maɓallin dannawa irin na mota. Idan aka ce a fita, ta bar jakarta a nan.