Layin mafitsara da ciwon sharaɓa: amsar Baba Alhaji

Assalamu alaikum jama'a. Baba Alhaji, na ji saƙonka, ka ce mai allurar Sin ɗin nan, akufanca, ya danna maka sharaɓa ya ce layin mafitsara ne ya toshe, kana tambaya ko mafitsarar ce ta samu matsala. A'a Baba, kwantar da hankalinka, suna ne kawai.

Su Sinawa manyan layuka 12 suka zana a jikin mutum, shida daga ciki ta ƙafa suke bi. Na tumbi ta gaba, na matsarmama ta gefen waje, na mafitsara ta baya, sai na saifa da hanta da ƙoda ta ciki. To mu masu gashin ƙashi, in muka ɗora wannan zanen a kan tsokoki, sai mu ga abin ya zo kusa ƙwarai. Na mafitsaran nan shi ya fi tsawo, gurabe 67 na soka allura gare shi. Yana sauka ta bayan cinya, ya ratsa lanƙwasar gwiwa, ya bi sharaɓa. Ka yi ɗage, ka shafa sharaɓarka, za ka ji inda naman ya rabu biyu kamar bakin almakashi. To nan ne gurbi na 57, Chengshan suke ce masa. Kuma hanyar da babbar jijiyar nan da ke fitowa daga ƙugu take bi ke nan. Shi ya sa in an danna sai ka ji har ranka.

Na gaban ma haka ne. Yatsu huɗu ƙasa da ƙoƙon gwiwa, yatsa ɗaya waje da ƙashin ƙwauri, gurbin layin tumbi da suke ce wa Zusanli ke nan. Ka sa yatsa a wurin ka ɗaga tafin ƙafarka sama, tsokar za ta taso ta ture ka.

Amma fa, ni dai ra'ayina, taswira ce. Ba a taɓa feɗe ƙafa an ga wani bututu da ya haɗa sharaɓa da mafitsara ba. Tsoka ake gani, da jijiya, da hanyoyin jini.

Abu ɗaya Baba, don Allah. In sharaɓar ta kumbura, ta yi zafi, kuma ƙafa ɗaya ce, kar a tausa, kar a soka allura, kar a yi ƙaho. Yana iya zama gudan jini ne ya tokare a jijiyar jini. Asibiti za a je yau ɗin nan a yi hoto. Turo min hoton ƙafafun biyu a jere in gani.