Tanti, waƙoƙin kakata sun ƙi zama cikin Word, ga saurayina ya fara kumbura

Assalamu alaikum Tanti, ina wuni, ya gida ya yara, ya muka ji da zafin garin nan. Dan Allah ki ɓoye sunana. Ni ɗaliba ce a nan Damagaram, shekarar ƙarshe, kuma memuwar ɗina, wato kundin binciken gama karatu, a kan waƙoƙin gaɗa da na daka ne irin waɗanda matan Birni suke yi da can, yawancinsu daga bakin kakata na ɗauka da waya, sauran wajen ƙawayenta na Zango. Malamin da ke duba aikin ya ce baitoci kaɗai ba su isa ba, sai na sa muryar kowace waƙa a partisiyon, layukan nan biyar na solfej, don wanda bai taɓa jin waƙar ba ya iya rerawa. Na ɗan taɓa solfej kaɗan shi ya sa na ce to.

Yayana ya ara min tsohuwar kwamfutarsa mai Windows 7, aka sa min MuseScore 3, manhajar rubuta partisiyon, a ciki, kuma wallahi rubuta waƙar bai ba ni wuya kamar shigar da ita cikin Word ba. In na ɗauki hoton allo na manna, a kwamfuta ras yake, amma da na kai siber aka fitar min a takarda sai layukan suka dushe, wani wurin biyar ɗin sun koma huɗu, wani wurin ɗigon bai nuna a kan layi yake ko a tsakani ba. In kuma na fitar da hoton daga cikin manhajar kanta sai ya zo da shafi guda cur, waƙa layi biyu a sama sauran duk fari fat, ya ture rubutuna ya kai wani shafin, in na ja shi na rage sai wata waƙa ta fito ƙato wata ta fito mitsitsiya, aikin ya zama ba kyan gani. Ga harufanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, in na rubuta baiti ƙarƙashin alamomin wani lokaci akwati suke zama ko su fito da wata kama dabam da sauran harufan. Sannan waƙar gaɗa ɗaya ta ƙi shiga ma'aunin 4/4, mai bugu huɗu-huɗu, sam, duk yadda na yi sai manhajar ta cike min da alamar shiru inda kaka ba ta yi shiru ba.

To akwai wani ɗan ajinmu da ya iya abin sosai, yana kiɗa piyano, shi yake taimaka min, ina tura mai ya gyara ya turo ta WhatsApp. Amma fayil ɗin da ya gyara ba ya buɗuwa a wajena, sai dai ya ɗauko min hoto, hoton kuma ya fi nawa dushewa. Kuma shi sai dare yake samun lokaci saboda da rana yana shago a kasuwar Dole, ni ma sai dare rezo, wato sabis ɗin waya, yake yi min kirki. Nan fa matsala ta biyu ta taso, wanda zan aura an riga an kawo kuɗin gaisuwa, ya ga saƙonni ƙarfe sha ɗaya na dare da sunan namiji, na nuna mai duka babu komai sai do re mi amma ya ce shi bai gane wannan karatun ba da ba ya yiwuwa sai da wani ƙato, yanzu gaisuwa ma da ƙyar. Inna ta ce in bar waƙoƙin in rubuta baitoci kawai a huta. Ni kuma Tanti kakata ta tsufa, waɗannan waƙoƙin in ba a rubuta muryarsu ba tafiya za su yi da ita. Sutanans, ranar da zan kare aikin a gaban malamai, ya kusa. Ya zan yi?

Ɗiyarki daga Birni

Amsar Tanti

Wa'alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ƙara wa kaka lafiya, ya yi miki albarka da kika zauna kika saurare ta. Kar ki bar waƙoƙin. Abin da ya dame ki duk na gyaruwa ne kuma ke da kanki za ki gyara, na yi shekaru ina buga takardun mutane, na ga irin wannan dushewar har na gaji.

Hoton allo ki daina shi daga yau. Allon kwamfuta irin taki ɗigo wajen 96 ne a kowane inci, ita kuwa takarda tana son 300 aƙalla, kuma abu mai siraran layuka kamar partisiyon 600 ya fi mai. Shi ya sa layi ɗaya yake ɓata, sirantakarsa ba ta kai ɗigo guda cikakke ba sai injin ya haɗiye shi. WhatsApp kuma in aka turo abu a matsayin hoto matse shi yake yi don ya rage nauyi, dushewa kan dushewa ke nan. In dole sai an turo, a turo shi a matsayin dokima.

Maganar farin shafi da girman da ba ya daidaita, abu ɗaya ne ya haifar da su, kina barin gyara sai an zo Word. Ai yadi a wajen tela ake yanka shi daidai jiki, ba ranar biki ake ta naɗe shi da fil ba. Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, in kin bar 2.5 hagu da dama saura 16 na rubutu. To ki shiga Format cikin MuseScore, wajen saitin shafi, ki mai da faɗin shafin milimita 160, tsawon kuma 50 ko 60 gwargwadon waƙar, ki rage gefunan su koma kamar milimita 3. A wannan wurin dai akwai inda ake saita tazarar da ke tsakanin layukan biyar, yawanci tana wajen milimita 1.75, ki zaɓi lamba ɗaya ki riƙe ta a dukkan waƙoƙin, ko ki bar ta yadda take ko ki sauko 1.5 in baitocin dogaye ne. Ki ajiye wannan fayil ɗin babu komai a ciki, duk sabuwar waƙa ki kwafe shi ki fara a kai. Sai ki fitar da hoton a nau'in PNG ki sa 600 a wajen ingancin hoto. In ya shiga Word ki tabbata faɗinsa santimita 16 ne, kar hannunki ya ja kusurwarsa ko kaɗan, ki bar shi a jere da rubutu kamar shi ma layi ne, kar ki zaɓi wanda yake yawo a kan shafi, wannan shi ne yake tsalle duk sanda kika ƙara jimla a sama. In waƙa ta wuce shafi ɗaya manhajar za ta ba ki hoto ɗaya ga kowane shafi da lamba a ƙarshen suna, ki jera su bi da bi.

Tunda ma MuseScore na 3 gare ki kin yi sa'a, akwai ɗan hoton kyamara a sama wanda za ki zagaye iya wurin da kike so ki ajiye shi, ki dai duba ingancin kafin ki ajiye. Shi kuma Word yana da halin rage nauyin hotuna da kansa ya mai da su ɗigo 220 a inci, ki shiga zaɓuɓɓukansa na ci gaba wajen girman hoto da inganci ki danna inda aka ce kar a matse hotunan da ke cikin fayil, kuma ki yi haka kafin ki zuba hotunan, wanda ya riga ya matsu ba ya dawowa. Wasu za su ce miki SVG ya fi, gaskiya ne don shi zane ne ba ɗigo ba, ko an faɗaɗa shi ba ya dushewa, amma Word na 2010 da na 2013 ba sa karɓar sa, kuma kwamfuta mai Windows 7 ina zaton ɗayansu ne a ciki. LibreOffice yana karɓa kuma kyauta ne, sai dai ban ba ki shawarar sauya manhajar rubutu ana gab da sutanans ba.

Fayil ɗin ɗan ajinku da ya ƙi buɗuwa, shi MuseScore na 4 gare shi, wanda ya fito a Disamba 2022, kuma abin da aka ajiye da na 4 na 3 ba ya buɗe shi, shi ko na 4 ba ya hawa Windows 7. Babu wanda ya lalace. Ya fitar miki a MusicXML, wannan kusan duk manhajojin rubuta kiɗa suna karanta shi, alamomi da baitoci za su zo, tsarin shafi ne kawai za ki sake dubawa. Kuma kar wani a siber ya ruɗe ki da manhajar Finale ta sata wai ita ce ta ƙwararru, masu ita ma sun sanar da daina ta tun Agusta 2024. Wanda kike da shi ya ishe ki.

Harufa masu lanƙwasa kuwa ba kowane salon harufa ba ne yake da su, in babu sai kwamfuta ta aro daga wani salon ko ta sa akwati. Ki sauke Charis SIL ko Noto Serif, kyauta ne kuma duk harufanmu suna ciki har ƴ ɗin da mu nan Nijar muke rubutawa. Ki sa shi a kwamfutar, ki rufe MuseScore ki sake buɗewa, ki je Format wajen salon rubutu ki sauya na baitoci. Ki lura wuri biyu ne, akwai na layukan baiti na 1 da 3 da 5, akwai na 2 da 4 da 6, mutane suna sauya ɗaya su manta ɗaya sai baiti na biyu ya fito da tsohon salon. In harufan suna ba ki wuyar bugawa ki rubuta baitin a waya da allon Hausa ki tura wa kanki ki kwafa.

Yanzu waƙar da ta ƙi shiga 4/4, nan ne nake so ki natsu don ya fi duk sauran muhimmanci. Manhajar ba ta san gaɗa ba, lissafi kawai take cikewa, in kin ce mata kowane gida, wato yankin da aka raba waƙa a partisiyon, bugu huɗu ne ta ga uku sai ta cike da shiru. Ki ajiye kwamfutar, ki kunna muryar kaka ki yi tafi tare da ita, tafin ne zai gaya miki inda gida yake farawa. Kiɗanmu da yawa a uku-uku yake tafiya, ki gwada 6/8 ko 12/8 ki ji. Ki kuma duba ko waƙar tana farawa kafin tafin farko ya sauka, in haka ne gidan farko guntu ne, ki danna shi da dama ki rage tsawonsa a cikin saitinsa, sai ki ga komai ya koma wurinsa. Gaɓoɓin kalmomin ma za su taimake ki, a waƙar Hausa gaɓa mai nauyi galibi tana cin ninki biyu na lokacin marar nauyi, kuma tunda rubutunmu ba ya nuna dogon wasali, kunnenki ne zai raba miki, ba idonki ba. Tafi da bugun taɓarya ki ba su nasu layi guda a ƙasa, mai bayarwa da ƴan amshi kuma ki rubuta sunansu a sama inda kowa yake shiga. In akwai wurin da muryarta take zamewa tsakanin sauti biyu, ki sa mafi kusa ki ja ɗan layin zamiya ki yi bayani a ƙasan shafi, kar ki miƙe mata murya don ta yi daidai da piyano, in kin yi haka waƙar piyano kika rubuta ba ta kaka ba. Kuma ki haɗa sautin da kika ɗauka a kile, ɗan USB ɗin nan, ki miƙa tare da memuwar ɗin, malamin kirki zai ji daɗin haka.

Saura angon naki. Ni ban ga laifinki ba, amma kuma ban ce ya haukace ba, namijin da ya kai kuɗin gaisuwa ya ga sunan wani ƙarfe sha ɗaya na dare dole ransa ya sosu ko da fatiha ce a cikin saƙon. Da abin da na faɗa miki buƙatar ɗan ajin nan ta ragu sosai, abin da ya saura kunne ne, ya saurara ya ce miki nan 6/8 ne ko a'a. Wannan ki tara tambayoyinki ku zauna da rana a makaranta ko a zauren gidanku yayanki na nan, ki faɗa wa saurayin ranar da lokacin, in yana so ya zo ya sha shayi. Ki gode wa yaron nan da kyau, ki sa sunansa a shafin godiya, bai yi miki komai ba sai alheri. In bayan duk wannan fushin bai sauka ba to ba saƙon dare ne damuwarsa ba, karatun ne, kuma wannan magana ce da ya kamata Inna da Baba su ji tun kafin a sa rana.

In kin gama komai kar ki kai fayil ɗin Word siber, kwamfutarsu ba ta da Charis kuma tsarinki zai watse. Ki mai da shi PDF a gida, ki zaɓi ingancin bugawa ba ƙaramin nauyi na intanet ba, ki buɗe ki faɗaɗa ki duba waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. A can kuma ki ce a fitar miki da shafi ɗaya mai partisiyon tukun, a girmansa na asali ba tare da an rage shi ba, ki ƙirga layukan da idonki kafin ki biya kuɗin sauran. In tawadar injinsu ta yi ƙasa ki ɗauki kile ɗinki ki je gaba.

Tantinku