Injin sayar da lemo a bakin tasha

Malam, kana tambaya ko injin nan da ake jefa wa kuɗi ya sako lemo ko ruwa zai yi riba in ka kafa shi bakin tasha a Maradi. A ganina ba zai yi ba, sai dai in cikin gini ne mai gadi, irin asibiti ko wajen ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, inda ake neman abin sha tsakar dare bayan an rufe butik.

Babbar matsalar kuran ce. Injin nan firigo ne mai aljihu, in wuta ta ɗauke a watan Afrilu, zafi ya haura 40, lemonka ya zama shayi. Ni butik gare ni, kuɗin man gurup, wato janareto, kaɗai ya isa ya cinye ribar sanyi, don haka ka sa farashin pano na hasken rana da batir cikin lissafi tun farko. Sai canji: injin yana son tsaba, dala ashirin ko dala arba'in, mu kuwa jikar da ke hannunmu ta sha gumi ta yi laushi, zai tofo ta. Ga mai zuwa da naira daga Jibiya, alhali injin sefa yake so. Kuma yaron da ke yawo da fiya wata cikin kula har tagar mota yake kai wa fasinja.