Me ya sa filash ya fi sitiret a wasan foka?

Tambaya: Malam, na kalli gasar foka, wato wani wasan karta, a talabijin, sai na ga mai katuna biyar masu zane iri ɗaya ya doke wanda nasa suka zo a jere, 5, 6, 7, 8, 9, alhali a ganina haɗa jeri ya fi wuya. Wace ƙa'ida ake bi wajen fifita wani hannu a kan wani? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ƙa'idar guda ɗaya ce, ɗan'uwa: hannun da ya fi wuyar samuwa shi ne ya fi daraja. Zan yi bayanin ne ta fuskar lissafi, domin sanya kuɗi a wannan wasa caca ce, kuma hukuncinta a Musulunci ba ɓoyayye ba ne.

Karta tana da kati 52, zane huɗu, kowane zane da kati 13. Idan za a zaro biyar daga ciki, akwai hanyoyi 2,598,960 da za su iya haɗuwa, kuma a kan wannan adadi aka gina dukkan matakan.

Abin da ya ruɗe ka yana ruɗar mutane da dama, domin jeri yana da kyan gani. Sai dai sitiret, wato katuna biyar a jere, bai damu da zane ba. Akwai jeri goma, daga A-2-3-4-5 har zuwa 10-J-Q-K-A, kuma kowane kati a cikinsu yana iya zuwa da ɗaya daga zane huɗu, shi ya sa hanyoyin suka kai 10,200 bayan an cire jeri mai zane ɗaya. Shi kuwa filash dole ne duka biyar su fito daga kati 13 na zane ɗaya, misali duk masu zanen zuciya, kuma hanyoyinsa 5,108 ne kacal idan aka cire waɗanda suka zo a jere. Ke nan sitiret ya kusan ninka filash yawa, don haka aka sa shi a ƙasa.

A saman filash akwai ful hawus, wato uku masu lamba ɗaya haɗe da biyu masu wata lambar, kamar K uku da 9 biyu, mai hanyoyi 3,744. Sama da shi sai huɗu masu lamba ɗaya, 624, sannan jeri mai zane ɗaya, 36. A ƙololuwa akwai 10-J-Q-K-A na zane ɗaya, wanda hanyoyinsa huɗu ne tak. A ƙasan sitiret kuma akwai uku masu lamba ɗaya, sai tagwaye biyu, sai tagwaye ɗaya, sannan hannun da bai haɗa komai ba, wanda ya zarce rabin dukkan hannuwan da kaɗan.

Idan mutum biyu suka zo da hannu iri ɗaya, babban kati ne ke raba gardama, domin babu zanen da ya fi wani. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne wani nau'in foka da ake cire katuna daga 2 zuwa 5, a bar 36. Da yake kowane zane ya ragu zuwa kati tara, filash ya fi ful hawus wuyar samuwa, don haka galibi ake ɗaga shi sama da ful hawus ɗin.