Su wa suka fara tara tsofaffin sulalla, kuma ina sulallan suka ƙare?

Tambaya: Malam, na ji ana sayar da tsohuwar tsabar kuɗi a gwanjo da tsada. Su wa suka fara wannan sha'awa, kuma idan sun rasu, ina abin da suka tara yake zuwa?

Amsa: Sha'awar ta daɗe. An ruwaito cewa Sarkin Rum Agustus yakan raba tsofaffin sulalla da na ƙasashen waje kyauta a lokacin biki. Amma wanda aka fi ambata a matsayin na farko a Turai shi ne mawaƙin Italiya Petrarch. Masu haƙa a gonakin inabi na Rum sukan kawo masa sulallan da suka tono, ya saya ko ya gaya musu fuskar wane sarki ce a jiki. A 1354 ya ba Sarki Charles na Huɗu na Bohemiya wasu daga ciki a Mantua. Daga nan sarakuna, Fafaroma da attajirai suka rungumi abin.

Sashe na biyu na tambayarka ne ya fi ɗaukar hankalina. Magada ba kasafai suke gādon sha'awar ba, kuɗin suke so. Masu hangen nesa sukan sayar tun suna raye, dunƙule guda. Joseph Pellerin na Faransa ya yi haka a 1776: Sarki Louis na Sha Shida ya sayi sulallansa kusan 32,500 a kan liba 300,000, kuɗin Faransa na wancan zamani. Likita Hans Sloane kuwa wasiyya ya bari cewa a miƙa wa gwamnatin Ingila duk kayan da ya tara, har da sulalla, a biya magadansa fam 20,000. Da ya rasu a 1753 majalisa ta amince, kuma a kan kayan nan aka kafa gidan tarihi na British Museum. Wani likitan, William Hunter, ya bar nasa wa Jami'ar Glasgow, suna can har yau.

Wasu kuwa, gwanjo ne ya watsa su. Na Thomas Herbert, basaraken Pembroke, sun zauna a hannun iyalinsa fiye da shekara ɗari, sannan kamfanin gwanjo na Sotheby's ya kaɗa musu guduma a 1848, kowanne ya kama gabansa.

Abin da ke saura bayan gwanjo shi ne kundin da aka jera kayan a ciki. Dillalai da shi suke bin sawun sule daga hannu zuwa hannu, kuma wanda aka tabbatar ya fito daga akwatin Pembroke yakan fi takwaransa da ba a san asalinsa ba tsada.