Tambaya da Amsa: Zaɓen VFD da birki ga injin sassaƙa ƙarfe

Tambaya: Ina da injin sassaƙa ƙarfe mai moton fes uku, amma wutar da nake samu fes ɗaya ce, volt 230. Ina so in sayi na'urar sarrafa gudun moto, wato VFD, kuma ina so injin ya riƙa tsayawa da sauri. Me ya kamata in duba?

Amsa: Malam, ka fara da ɗan farantin da ke jikin moton. Amfiyar da aka rubuta a can ita ce ma'auninka, don haka VFD ɗin da za ka saya ta iya ba da wannan adadin ko fiye. Ka kuma tabbatar moton yana karɓar volt 230 idan aka haɗa wayoyinsa a tsarin delta, wato haɗi mai siffar kusurwa uku, domin yawancin na'urorin da ke shan fes ɗaya ba sa fitar da volt 400.

Batun birki ne ya fi damuna, domin a nan ake yawan yin kuskure. Lokacin da ka umarci injin ya tsaya, nauyin kan da ke riƙe ƙarfen yana ci gaba da juya moton, sai moton ya zama janareto, ya mayar da wuta cikin na'urar. Da zarar wutar cikinta ta kai wajen volt 400, sai ta kashe kanta don kada ta ƙone, ƙarfen kuma ya ci gaba da juyawa ba birki, a daidai lokacin da kake bukatarsa. Maganin wannan shi ne rezistan birki, wanda ke mayar da rarar wutar zafi. Amma ba zai yi aiki ba sai na'urar tana da taransistan birki a cikinta, wanda ke tura rarar wutar zuwa rezistan, kuma ganin wurin ɗaura wayar rezistan bai isa shaida ba. Ka karanta littafinta kafin ka biya kuɗi. A can ne za ka ga mafi ƙarancin om, wato ma'aunin rezistan, da aka yarda, kada ka yi ƙasa da shi.

Idan kan da ke riƙe ƙarfen na zare ne, wato murɗa shi ake yi kamar noti, ka guji birki mai tsanani, domin yana iya kwancewa ya faɗo. Ka fara da saita lokacin tsayawa a daƙiƙa 3 ko 4, sannan ka rage a hankali. Kada kuma ka sa makunni tsakanin VFD da moto. Tsohon makunnin gaba da baya ka mayar da shi kan ƙananan wayoyin umarni na na'urar.